Kunnen Hagu na Juyau

Ɗan ƙanena yana da shekara shida zazzaɓi ya kwantar da shi kwana goma sha ɗaya. Ya tashi, amma kunnensa na hagu bai tashi tare da shi ba. Ni na fara ganewa. Na tsaya ta hagunsa na ce ya miƙo mini almakashi, ya ci gaba da wasansa kamar da bango nake magana. Na zagayo ta dama na faɗa a hankali, ya miƙo. Likita ya duba ya ce jijiyar ta mutu, ba ta da magani, amma na daman lafiyarsa lau.

Ubansa mai walda ne, mutum mai zuciya da gudun abin faɗa. A ƙofar asibitin ya tsayar da mu, ni da uwar yaron.

"Maganar nan ta mutu a nan," in ji shi. "Ba za a kira mini ɗa kurma ba. Yaya, har da ke nake."

Na girme shi da shekara tara, amma ɗansa ne. Na ce na ji.

Yaron ya koyi zama da abinsa ba tare da kowa ya koya masa ba. In an zauna cin abinci, sai ya ba bango hagunsa. In yana tafiya da mutum, sai ya san yadda ya yi ya sa mutumin ta damansa. Kuma kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya waiga nan, ya waiga can, don abin da kunne bai kawo masa ba sai ido ya nemo. Yaran layinmu suka laƙaba masa Juyau. Sunan ya bi shi har yau.

A sakandare ya fara ƙwallon kwando. Filin makarantar siminti ne duk ya tsattsage, kwandon ƙarfe ne zalla, ba raga. Malamin wasanni ya ga ba shi da tsawo, ya yi dariya ya ce ya tsaya gefe ya riƙa tsinto ƙwallo. Wata rana aka rasa mutum ɗaya aka sa shi cike gurbi. Kafin a tashi malamin ya daina dariya. Yaron da ba ya daina waige ya san inda kowa yake tsaye a filin, har wanda ke bayansa.

Ga wanda bai san wasan ba, kowane ɓangare mutum biyar ne. Ɗaya daga cikinsu shi ke ɗauko ƙwallo daga baya, ya dubi fili, ya san wanda zai ba, da kuma lokacin da zai ba shi. Shi ake kira mai raba ƙwallo. Shi ne kuma wanda koci ke yi wa magana daga benci, shi kuma ya isar wa sauran. Wato a cikin mutum biyar, aikin da ya fi bukatar kunne shi aka ba yaro mai kunne ɗaya.

Akwai wani abu da suke kira bango. Kana tsare da mai ƙwallo, idonka a kansa, sai wani ƙato daga cikin abokan hamayya ya lallaɓo ya tsaya cak a gefenka don ka yi karo da shi, mai ƙwallon ya wuce. Ba ka ganinsa. Abokinka da ke bayanka shi zai yi maka ihu, "Bango hagu," ko "Bango dama," ka kauce. Wanda bai ji ba zai sha ƙirjin mutum a fuska.

A makaranta abubuwa biyu suka rufa wa Juyau asiri. Na farko Dogo, abokin zamansa a benci ɗaya tun aji ɗaya, wanda ya gano maganar da kansa ranar da ya raɗa masa amsar lissafi sau uku a banza. Dogo bai faɗa wa kowa ba. Sai dai in bango na zuwa, ya miƙa wannan dogon hannun nasa ya taɓa Juyau a ƙugu ta gefen da yake zuwa. Na biyu, yaran makaranta idonsu ke tona musu asiri. Mai ƙwallo sai ya saci kallon inda bangon zai fito, Juyau kuwa idon yake karantawa.

Da haka suka ci kofin makarantu sau biyu. Da suka gama, Dogo ya tafi karatun haɗa magunguna, ya bar ƙwallo. Juyau ya shiga wata ƙaramar ƙungiya ta cikin gari. Da safe yana shagon ubansa yana riƙe ƙarfe, da yamma yana fili. Shekara uku a haka. Filayen a buɗe suke, 'yan kallo ba su fi cikin mota biyu ba, kunne ɗaya yana isarsa.

Yana da ashirin da ɗaya wata ƙungiya ta ƙwararru ta aiko masa. Suka ce gwaji ne na wasa shida, in ya yi, a sa hannu a takarda. Suka haɗo da fom.

Shekara ashirin da takwas na yi ina buga takardu a ofis, saboda haka duk wata takarda ta gidanmu ni ake kawo wa. Suka zo shi da ubansa, na sa tabarau na fara cikewa. Suna, shekaru, tsawo, nauyi, karaya ko tiyata. A shafi na biyu na iso wani layi: ko kana da matsalar gani ko ta ji? Na ɗaga biro na dube su.

"Rubuta babu," in ji ubansa.

"Kai nake tambaya ko shi?"

Juyau yana kallon ƙasa. Na ce, "Kai, da kai nake."

"Gwaggo, yadda Baba ya ce."

Na rubuta babu. Da hannuna, da rubutuna mai kyau da ake yabo a ofis. Likitan ƙungiyar ya auna zuciyarsa, ya murɗa gwiwoyinsa, ya karanta fom, ya buga hatimi.

Ɗakin wasan ƙwararru ba irin filayen da ya saba ba ne. Rufaffe ne, ƙasan katako, lasifika na kiɗa, mutane dubbai na ihu, ƙarar ta doki rufi ta dawo. Mai kunne biyu yana iya tsinto murya ɗaya a cikin wannan hayaniyar, ya kuma san ta inda ta fito. Mai kunne ɗaya sai dai ya ji duu. Ba Dogo. Ƙwararru kuma ba sa kallon inda bango zai fito, wasu ma da gangan suke kallon ɗaya gefen.

Raba ƙwallo kam ya raba. Har jaridar wasanni ta ce yaron kamar da ido a ƙeya. Amma a wasa biyu na farko ya yi karo da bango sau bakwai. Wanda ke bayansa shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar, wani ƙaton mutum da furfura ta fara fito masa a gemu, gwiwoyinsa kullum a ɗaure. Ya yi ihu har muryarsa ta dishe.

"Malam Juyau," ya ce masa a ɗakin canza kaya, a gaban kowa, "ni dai shekarata goma sha huɗu a wasan nan, ban taɓa ganin wanda ake ce wa hagu ya tafi hagun ya rungumi mutum ba. Ɗan'uwanka ne? Ko dai mun yi maka ƙanƙanta ka saurare mu?"

Aka yi dariya. Juyau ma ya yi, ya ce a yi haƙuri.

Na koci ya fi muni. Bencin ƙungiya a gefe ɗaya yake tun farkon wasa har ƙarshe, amma 'yan wasa suna canza kwando a hutun rabin lokaci. Saboda haka rabin wasa koci yana ta damansa, rabi yana ta hagunsa. In a gida suke wasa, rabin farko ne mai kyau. Koci ya kira tsari, Juyau ya ɗaga yatsu ya isar, komai ya tafi daidai. A rabi na biyu sai kocin ya yi ta daka ihu yana buga ƙafa, yaro ya wuce shi ya yi abin da ya ga dama. In sun je waje kuwa, sai abin ya juya: rabin farko ne lalatacce.

Koci ya zauna ya yi nazari. Ya ce a gida gajiya ce ke kama yaron, ya ƙara masa gudu, zagaye ashirin bayan kowa ya tashi. Ya ce a waje kuma tsoron baƙin 'yan kallo ne, ya haɗa shi da wani mai ba da shawara ya koya masa jan numfashi. Mako biyar yaro na gudu yana jan numfashi, ya rame, wuyansa ya fito. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ta wane gefe yake tsaye in yana magana.

Ranar Juma'a kafin wasa na shida na je shagon. Juyau na zaune a kan wani tsohon injin, kuncinsa na hagu ya kumbura ya yi baƙi. Ubansa ya kashe wutar walda ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Me kocin ya ce?" na tambaya.

"Ya ce gobe ne. In na sake yin kunnen ƙashi ko sau ɗaya, in tattara takalmana."

"To ka faɗa masa."

"Ya faɗa masa me?" in ji ubansa. "Saura wasa ɗaya. Ya daure ya sa hannu, bayan nan ko me za a sani a sani."

"Ka dubi fuskarsa. Jiya kunci ne. Gobe in wuya ne fa?"

"Yaya, ke ba ki san mutanen nan ba. Suna da yara ɗari a layi masu kunne bibbiyu. Suna ji za su ce ya tafi, kuma su ce ya yi musu ƙarya a takarda."

"Ai ya yi. Ni na rubuta."

"To kin ga."

"Abin da na gani shi ne shekara goma sha biyar kana ɓoye kunne ɗaya kamar kayan sata. Yanzu ana kiran ɗanka mai girman kai da rago. Wannan ya fi maka daɗi?"

Ya sauke gilashin ya kunna wuta, wato ya gama magana. Juyau ya rako ni bakin titi, ya sa ni ta damansa yadda ya saba. Na ce, "Me za ka yi?" Ya ce, "Ban sani ba, Gwaggo." Ban ƙara masa komai ba. Ba ni zan shiga filin ba.

Wasan da la'asar aka yi, a gida. Iyalan 'yan wasa ana ba su kujeru a bayan benci, ni da uwarsa muna layi na biyu. Ubansa ya ce yana da aikin ƙofa da zai miƙa.

Rabin farko ya tafi yadda na zata. Juyau ya raba ƙwallo takwas da aka jefa kwando, suka tafi hutu suna gaba da maki tara. Uwarsa ta matse mini hannu tana murmushi. Ni kuwa ina kallon su suna canza kwando.

Aka dawo. Koci ya kira tsari, Juyau na tahowa da ƙwallo yana satar kallon bakinsa, yana neman ya karanta leɓe. Yana cikin kallon aka fizge ƙwallon daga hannunsa. Bayan minti biyu koci ya sake kira, Juyau ya yi wani abu daban. Kocin ya jefar da allon da ke hannunsa. Maki tara suka koma huɗu, huɗu suka koma babu.

Saura kamar minti uku a tashi abin ya faru. Ina ganin ƙaton ɗaya ɓangaren ya taho ta hagunsa ya kafe ƙafafu. Ina ganin bakin Kyaftin a buɗe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Juyau ya juya da gudunsa duka ya shiga ƙirjin mutumin. Har inda nake na ji ƙarar. Ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta doki katako. Uwarsa ta miƙe, na jawo ta ta zauna.

Kyaftin ya durƙusa ta hagunsa yana yi masa magana a kunne. Yaro na kwance yana kallon rufi, bai amsa ba. Likita ya taho da gudu ta dama ya ce wani abu, nan take yaron ya gyaɗa kai ya tashi zaune. Na ga Kyaftin ya tsaya yana kallonsa, ya dubi likitan, ya sake dubansa. 

Likita ya haska idonsa, ya tambaye shi ranar mece ce, ya ce zai iya ci gaba. Ba wani mai raba ƙwallo a benci sai wanda ya ji ciwo a idon sawu, don haka koci ya bar shi.

Saura daƙiƙa goma sha ɗaya, ana gabansu da maki ɗaya, ƙwallo nasu. Koci ya nemi a tsayar da wasa. Suka kewaye shi a gabanmu, gumi na ɗiga. Kocin ya tsaya ta hagun Juyau, ya kama kafaɗarsa, ya sunkuya yana zuba masa bayani a mataccen kunnen, lasifika na kiɗa a kansu. Na san wannan gyaɗa kan da yaron ke yi. Tun yana ƙarami yake yin sa in bai ji komai ba. Ya gyaɗa sau ɗaya, sau biyu. Sai ya tsaya.

Ya ɗaga hannu ya riƙe hannun kocin. Ya yi magana da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa sosai, har mu muka ji.

"Koci, zagayo ta nan. Wannan kunnen ba ya ji. Tun ina ƙarami ba ya ji."

  Alƙalin wasa ya hura usur na gargaɗi. Kyaftin ne ya kama kocin ta kafaɗu biyu, ya ɗaga shi kusan cak, ya ajiye shi ta dama.

"Faɗa masa, lokaci na tafiya," in ji shi.

Koci ya faɗa masa. Suka koma fili. Juyau ya karɓi ƙwallo, ya yi kamar zai shiga ta tsakiya, mutum biyu suka rufe shi, ya jefa ta bayansa zuwa kusurwa, inda mai jefawarsu ke tsaye shi kaɗai, ba kowa kusa da shi. Daidai abin da aka ce ya yi. Mai jefawar ya jefa, ƙwallo ta zagaya bakin kwando ta faɗo waje. Aka cinye su da maki ɗaya.

Ranar Litinin aka kira shi ofis. Na ce zan bi shi, ya ce ba sai na je ba, na ce ban tambaye shi ba. Manajan ƙungiyar na zaune da fom ɗin a gabansa, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin babu. Koci na tsaye a bakin taga ya ba mu baya. Kyaftin na zaune a kusurwa ya miƙe ƙafafu, ba wanda ya gayyace shi.

"Wa ya rubuta wannan?" in ji manaja.

"Ni," na ce.

"Mama, kin san wannan kaɗai ya isa mu sallame shi? Da wuyansa ya karye ranar Asabar, wa za a kama?"

"Na sani. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake rubutawa. Ba ni da wani bayani."

Ina jin ya shirya wa gardama ne, da bai samu ba sai ya rasa ta inda zai ci gaba. Koci ya juyo.

"Mako biyar," ya ce wa Juyau. "Mako biyar ina sa ka gudu kamar doki. Ka bar ni ina yi wa bango wa'azi a gaban mutum dubu uku. Me ya hana ka buɗe baki?"

"Na ji tsoron za ku kore ni."

"Da na kore ka ɗin."

 Juyau ya fara miƙewa. Kyaftin ya ce masa, "Zauna, Malam Juyau, manya na magana." Ya dubi kocin. "Na kalli faifan wasannin shida jiya. Duk rabin da kake ta damansa, ba mu da kamarsa, kai ma ka sani. Ɗaya rabin kuwa kana da yatsu goma, ka yi amfani da su. Bango kuma aikina ne. Yaro, a makaranta yaya kuke yi?"

"Abokina ne ke taɓa ni a ƙugu."

"Shi ke nan? Ni na kashe muryata wata guda a kan abin da yatsa ɗaya zai yi?"

Koci bai yi dariya ba. Ya juya ya ce wa manaja, "Kakar wasa ɗaya. In bai yi ba, ni da kaina zan kai shi tasha."

Manaja ya jawo aljihun tebur ya fito da sabon fom ya tura gabana. Na sa tabarau. A shafi na biyu na rubuta: kunnen hagu ba ya ji tun yana shekara shida.

Kaka takwas ya yi a ƙungiyar, biyu a wata. Bai zama tauraro ba, ba a taɓa kiransa ya buga wa ƙasa ba. Abokan hamayya sun ji labari, suka riƙa kawo masa bango ta hagu da gangan, ya rasa haƙori ɗaya, ya karya ƙashin kafaɗa sau ɗaya. Bayan Kyaftin ya yi ritaya, duk wanda aka kawo gurbinsa abin da ake fara koya masa shi ne taɓa ƙugu. Gwiwa ce ta ajiye Juyau daga ƙarshe, kunnen bai taɓa ajiye shi ba. Yanzu yana shagon walda rabin yini, rabin yini yana horar da 'yan wasa a tsohuwar ƙaramar ƙungiyarsa.

Ubansa ya yi wata biyu ba ya gaishe ni, wai ni na zuga yaron ya tona asirin gida a gaban duniya. Ban musa ba, ban kuma je ba shi haƙuri ba. Ran nan da safe sai ga shi da takardar sabunta lasisin shago, ya ajiye a kan teburina ya tsaya yana kallon bango.

"Yaya, a cike mini."

Na ce ya miƙo mini tabarau.